Me ya sa ƙwayar jijiya ke tara furotin masu kama kalsiyam barkatai?

Wani ɗalibin likitanci ne ya aiko da tambayar. Ya ce a darasin jijiyoyi an jero musu sunaye: kalmodulin, farbalbumin, kalbindin, kalretinin, sinaftotagmin. Kowanne an ce furotin ne mai kama kalsiyam, kowanne kuma da ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarinsa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, tun da aikin ɗaya ne, me ya hana guda ɗaya ya wadatar? Ya kuma ƙara da cewa ko shan maganin ƙarin kalsiyam na kaifafa ƙwaƙwalwa.

Ɗan'uwa, kuskuren yana cikin "aikin ɗaya ne". Kama kalsiyam hanya ce kawai, aikin yana gaba. Amma kafin mu isa can, bari mu daidaita kalmomi, domin a Hausa "ƙwayar halitta" kan ɗauki ma'ana biyu. In na ce ƙwayar jijiya, ina nufin ɗan ɗakin rai guda da ke aika saƙon lantarki a ƙwaƙwalwa da laka. In na ce ƙwayar gado, ina nufin gutsuren DNA da aka rubuta tsarin furotin a cikinsa. Sunayen ƙwayoyin gado zan bar su da manyan baƙaƙe yadda za ka same su a littafinka.

Fara da lissafi guda. A ruwan da ke kewaye da ƙwayar jijiya, kalsiyam ya kai milimola 1 zuwa 2. A cikinta kuwa, lokacin da take hutawa, bai wuce nanomola 100 ba. Wato na waje ya ninka na ciki sau 10,000 ko fiye. Ƙwayar ba ta samun wannan a banza. Dare da rana famfunan da ke jikin tantaninta suna ƙona makamashi suna kwashe kalsiyam suna watsarwa waje ko suna cusa shi a rumbunan ciki. Dalili biyu ne. Kalsiyam mai yawa guba ne gare ta. Sannan inda aka yi tsit, ko tari aka yi sai kowa ya ji. Da zarar saƙon lantarki ya buɗe 'yan ƙofofin kalsiyam na ɗan lokaci, ɗan abin da ya shigo ya isa ya zama shela.

To amma shelar me? A nan gizo ke saƙa. Da wannan kalsiyam ɗin ake ce wa ƙwaya ta saki sinadarin saƙo cikin ƙasa da kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa. Da shi ake ce mata ta ƙarfafa wata mahaɗa, wato inda take haɗuwa da wata ƙwayar jijiya, ta riƙe abin da aka koya na tsawon shekaru. Da shi ake kunna wasu ƙwayoyin gado, da shi kuma ake yanke mata hukuncin mutuwa. Kalma ɗaya ce tak, ma'anarta tana ga wanda ya ji ta: a ina yake tsaye, yaya saurin kunnensa, kuma sai an ɗaga murya kamar yaya kafin ya ji. Bambancin waɗannan furotin ke nan.

Mafi yawansu hannu iri ɗaya suke kamawa da shi. A 1973 Robert Kretsinger a Amurka ya bayyana surar farbalbumin da aka ciro daga tsokar kifi, ya lura da wani tsari da ya raɗa wa suna hannun EF. Gwada shi yanzu. Miƙa manuniyarka ta dama, ka ɗaga babban yatsa, ka lanƙwashe na tsakiya. Manuniya ita ce murɗaɗɗen sashe E, babban yatsa shi ne F, lungun da na tsakiya ya yi kuwa madauki ne na amino asid 12, a nan kalsiyam ke zama. A jikin ɗan Adam akwai furotin fiye da 200 masu wannan hannu. Wasu in sun kama kalsiyam sai su riƙe kawai, surarsu ba ta wani sauyawa. Waɗannan ina kiransu soso. Wasu kuwa suna kamawa sai jikinsu ya buɗe, su je su dafa wani furotin su ce masa tashi. Waɗannan tafintoci ne. Rabon ba cif-cif ba ne, kalbindin alal misali yana taɓa aikin tafinta, amma zai kai ka nesa.

Sarkin tafintoci shi ne kalmodulin. A 1970 mutum biyu suka gano shi, kowa daban, Wai Yiu Cheung a Amurka da Shiro Kakiuchi a Japan. Ɗan ƙarami ne, amino asid 148, da hannun EF 4, biyu a kowane gefe, da ƙugu mai lanƙwasa a tsakiya. In ya cika hannuwansa sai ya naɗe abokin aikinsa ya rungume, kuma abokan nan ɗaruruwa ne. Wanda ya fi shahara a ƙwaƙwalwa shi ne enzayim CaMKII, mai sassa 12 da suka yi da'ira biyu a kan juna. Idan kalmodulin ya tayar da sassa biyu maƙwabta, sai ɗaya ya manna wa ɗaya fosfet, daga nan enzayim ɗin ya ci gaba da aiki ko da kalsiyam ya janye. Ka ga abin da ya faru: saƙon da ya wuce cikin ƙiftawar ido ya bar sawu. A 1992 Alcino Silva, a ɗakin binciken Susumu Tonegawa, ya samar da ɓeraye marasa nau'in alfa na wannan enzayim. Ƙarfafuwar mahaɗa a hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa mai taimakawa wajen tuna abu, ta raunana, ɓerayen kuma suka kasa riƙe wuri yadda 'yan'uwansu ke yi. A mutane, tangarɗa a ƙwayoyin gadon enzayim ɗin, CAMK2A ko CAMK2B, tana kawo jinkirin fahimta da na magana.

Labarin ƙwayoyin gadon kalmodulin ya fi ba ni mamaki, kuma ina ganin ya amsa rabin tambayarka ta bayan gida. Guda 3 ne: CALM1 a kuromosom 14, CALM2 a na 2, CALM3 a na 19. Dukkansu furotin iri ɗaya sak suke bayarwa, ko amino asid ɗaya bai bambanta ba. Kuma shi ne dai a jikin kifi da kwaɗo da kaza da mutum. Inda ƙwayoyin gadon uku suka saɓa shi ne makunninsu da sassan da ba a fassarawa, waɗanda ke tsara yaushe za a yi furotin ɗin, nawa, kuma a wane lungu na ƙwaya. Tun da uwa ta ba ka uku uba ya ba ka uku, kwafi 6 gare ka. Sai ka ce ai in ɗaya ya lalace biyar sun isa. Ba haka ba ne. A 2012 aka gano wani babban dangi a Suwidin da ke fama da rikicewar bugun zuciya mai kisa nan take, aka tarar harafi ɗaya ne ya sauya a kwafi ɗaya na CALM1. A shekarar da ta biyo aka samu jarirai masu irin wannan tangarɗa a CALM1 da CALM2, zuciyarsu na tsayawa tun suna goye, wasunsu kuma da farfaɗiya da jinkirin girma. Dalili shi ne kalmodulin yana zaune a gindin ƙofar kalsiyam tun kafin a buɗe, shi ne mai ce mata ya isa, rufe. Gurgun kalmodulin yana samun kujerar ya zauna daram, amma kunnensa ya toshe, sai ƙofar ta daɗe a buɗe. Ƙofofi kaɗan masu irin wannan mai gadi sun isa su hargitsa gida.

Da kalmodulin ya iya komai, da ba a buƙaci sinaftotagmin ba. A ƙarshen jijiya, inda take miƙa saƙo ga ta gaba, akwai 'yan jakunkuna cike da sinadarin saƙo sun yi layi a bakin tantani. Tun shekarun 1960 Bernard Katz da Ricardo Miledi suka nuna a jijiyar kwaɗo cewa in babu kalsiyam a waje, jakunkunan ba sa fashewa. A 1967 Dodge da Rahamimoff suka ƙara wani abu: in ka ninka kalsiyam sau 2, abin da ake saki yakan ninku har kusan sau 16, alamar cewa sai kalsiyam da yawa sun taru a kan mai kamawar kafin ya motsa. An daɗe ana neman wannan mai kamawa. Ɗakin binciken Thomas Südhof ne ya tabbatar da shi. A 1994 suka cire wa ɓeraye sinaftotagmin na 1, sai sakin gaggawa ya ɓace, 'ya'yan kuma suka mutu cikin kwana biyu da haihuwa. Aikin na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel ta 2013 tare da James Rothman da Randy Schekman. Sinaftotagmin ba shi da hannun EF. Nasa sassa biyu ne da ake kira C2, suna ɗaukar kalsiyam 5 gaba ɗaya, su nutse cikin kitsen tantani su fisgo jakar. Abin lura shi ne kunnensa mai nauyi ne da gangan. Sai kalsiyam ya ninka na hutu sau 100 ko fiye yake ji, kuma irin wannan yawan ba a samun sa sai dab da bakin ƙofa, na ɗan lokaci ƙanƙani. Nauyin kunnen nan ne ya sa yake kamawa da wuri ya saki da wuri, jijiya ta shirya wa saƙo na gaba. Ƙwayar gadonsa SYT1 tana kuromosom 12, kuma tangarɗa a kwafi ɗaya na kawo cutar Baker-Gordon: yaro mai sakakken jiki, motsin da ba ya iya hanawa, da jinkiri mai tsanani.

A cikin kunne wani ɗan'uwansa ne ke riƙe da wannan aiki, otofalin, mai sassan C2 da yawa. Yaron da ya gaji lalataccen OTOF, ƙwayar gadon otofalin, daga uwa da uba ana haifar sa kurma, alhali ƙwayoyin jin sauti suna nan da ransu. Sauti na isa gare su, miƙa saƙon ne ya gagara. Shi ya sa wannan ta zama kurumtar gado ta farko da aka gwada gyara ta da dashen ƙwayar gado. OTOF ya yi wa ƙwayar bairos mai dakon girma, sai aka raba shi biyu aka loda a bairos biyu, suka haɗu a cikin kunne. A farkon 2024 likitoci a Shanghai suka wallafa cewa yara da dama da aka yi wa haka sun fara ji.

Yanzu soso. Ranar da na fara ɗora yankin ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya ta ɓera a ƙarƙashin madubi, bayan an rina shi da rinin da ke neman kalbindin, na daɗe ban ɗago kai ba. Fili ne fari fat, sai layi guda na ƙwayoyin Purkinje sun yi jajir, kowace da jikinta kamar tulu, rassanta sun bazu sama a shafe kamar an danne bishiya a cikin littafi. Maƙwabtansu, miliyoyin ƙananan ƙwayoyi da ke ƙasa, ko ɗigo ba su ɗauka ba. Da za ka sake rina wani yankin da rinin kalretinin, su ne za su fito, Purkinje su ɓace. DNA ɗinsu ɗaya ne, CALB1 ta kalbindin na nan a kuromosom 8 na kowace ƙwaya ta mutum, CALB2 ta kalretinin na nan a na 16, amma kowace ƙwaya da shafin da ta buɗe. Saboda haka masu binciken ƙwaƙwalwa suka mai da waɗannan furotin tambarin gane dangi, har wasu suka manta cewa suna da aikin yi ban da zama tambari.

Aikinsu kuwa babba ne. Cikin kalsiyam ɗin da ya shigo ƙwaya, ƙalilan ne ke yawo sake. Sauran soso ya tsotse. A jijiyoyin da ke motsa tsoka, a kan kowane guda da ke sake akwai kamar 40 zuwa 50 a kame. A ƙwayar Purkinje lissafin ya haura 1000. Kalbindin, wanda Wasserman da Taylor suka gano a hanjin 'yan tsaki a 1966, yana da hannun EF 6 amma 4 ne ke kamawa, kuma mai saurin cafka ne. Yana rage tsayin tashin kalsiyam tun daga farko. Ɓerayen da aka cire wa shi suna rayuwa, suna tafiya, sai an ɗora su a siririn katako ake ganin ƙafarsu na zamewa. Kalretinin, wanda John Rogers ya gano a idon 'yan tsaki a 1987, ƙanensa ne, sun yi tarayya a fiye da rabin amino asid ɗinsu. Shi za ka fi haɗuwa da shi a ɗakin gwajin nama: ana rina shi don gane sankarar mesoteliyoma, rashinsa kuma a bangon hanjin jariri na taimakawa wajen tabbatar da cutar Hirschsprung.

Farbalbumin dabararsa daban ce, kuma ita na fi so in koyar. A lokacin hutu hannuwansa biyu masu aiki ba wofi suke ba, magniziyam ne a ciki. Kafin ya kama kalsiyam sai ya saki magniziyam, wannan kuma na cin lokaci. Sakamakon haka ba ya tare saƙon farko. Sinaftotagmin ya riga ya ji ya yi aikinsa. Sai bayan nan farbalbumin ya zo ya share ragowar, don kada ta taru ta kumbura saƙo na biyu da na uku. Wa ke buƙatar mai shara irin wannan? Ƙwayoyin birki masu sakin sinadarin saƙo na GABA, waɗanda ke iya harbawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ba tare da gajiya ba, su ne ke riƙe kiɗan gamma na ƙwaƙwalwa, mai bugu 30 zuwa 80 a daƙiƙa. An sha samun ƙarancin farbalbumin a goshin ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi fama da sikizofireniya. Ƙwayar gadonsa PVALB na kuromosom 22. (Shi ne kuma, a nau'insa na kifi, babban abin da ke tayar wa waɗanda jikinsu ba ya karɓar kifi ƙaiƙayi da kumburi. Furotin ɗaya, ɗakin karatu biyu.)

A nan sai na yi maka hannunka mai sanda, domin littattafai da yawa na gaggawa. An lura cewa a cutar Parkinson, ƙwayoyin dofamin masu kalbindin sun fi jurewa, marasa shi ke fara mutuwa. An lura kuma a cutar ALS, mai kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka, jijiyoyin da ke juya ido, masu soso da yawa, sukan tsira har ƙarshe, na hannu da ƙafa masu ƙarancin soso su tafi. Sai aka ce ai soso garkuwa ne. Magana ce mai daɗin ji, tun da an san kalsiyam in ya yi ambaliya, kamar a shanyewar ɓarin jiki, yana tayar da enzayim kalfen mai yayyanka furotin, yana kuma shaƙe mitokondiriya, injin makamashin ƙwaya. Amma da aka gwada a 1997, aka ba ɓeraye marasa kalbindin gubar MPTP mai kashe ƙwayoyin dofamin, ba su fi masu shi asara ba. A ganina kalbindin a nan riga ce da wani dangin ƙwayoyi ke sawa, dangin kuma na da wasu halaye da ke kare shi. In malami ya tambaye ka a jarrabawa, ka ce an ga alaƙa. Kada ka ce an tabbatar da sanadi.

Akwai wani gida na tafintoci da kusan a jijiyoyi kawai ake samun su, ƙwayoyin gado 14 a dabbobi masu shayarwa, kuma ido ne dandalinsu. Ƙwayar ganin haske a juye take aiki: a duhu kalsiyam ɗinta na da yawa, haske ne ke rage shi. Don haka furotin GCAP1 ba shigowar kalsiyam yake jira ba, tafiyarsa yake jira. Hannunsa na zama wofi sai ya tayar da enzayim mai mayar da sinadarin cGMP, ƙwayar ta farfaɗo ta sake gani. Idan GUCA1A, ƙwayar gadon GCAP1 da ke kuromosom 6, ya samu tangarɗar da ta hana furotin ɗin jin dawowar kalsiyam, enzayim ɗin ba ya hutawa, ƙwayoyin ganin launi su riƙa mutuwa a hankali, kuma kwafi ɗaya ya isa a gada. Abokinsa rikobarin yana ɓoye da wata wutsiyar kitse a hammata. In ya kama kalsiyam sai ya zaro ta ya soka a tantani ya manne. Wani lokaci sankarar huhu kan fara yin rikobarin ba bisa ƙa'ida ba, garkuwar jiki ta far masa, ta bi shi har ido, mutum ya fara rasa gani kafin ma a san yana da sankara. Hifokalsin, daga HPCA, an danganta lalacewarsa a 2015 da wani murɗewar gaɓoɓi da ake gado ta ɓangare biyu. Shi kuwa DREAM a kan DNA yake zama ya danne wasu ƙwayoyin gado, ciki har da na firodainofin, maganin zafi na cikin jiki. Kalsiyam na zuwa sai ya ɗaga. Ɓeraye marasa shi ba sa jin ciwo kamar sauran. Ka ga zancen ya zagayo: ƙwayar gado ta yi furotin mai kama kalsiyam, furotin ɗin ya dawo yana zaɓar ƙwayar gadon da za a karanta.

S100B ba zan tsaya a kansa ba, domin yawancinsa a ƙwayoyin renon jijiya yake, ba a jijiyar kanta ba. Ka dai riƙe cewa yana kuromosom 21, don haka masu ciwon Down kwafi 3 gare su, kuma a ƙasashen Sikandinabiya ana auna shi a jini don tantance wanda ya bugu a ka kaɗan ko yana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa. In kuma ka ga bidiyon ƙwaƙwalwar ɓera tana walƙiyar kore yayin da yake gudu, kalmodulin ne aka ɗinka wa furotin mai haske. Junichi Nakai ya ƙera na farko a 2001, sunansa GCaMP.

Saura batun maganin ƙarin kalsiyam. A'a, ba ya kaifafa ƙwaƙwalwa. Kalsiyam na jini a ɗaure yake tsakanin milimola 2.2 da 2.6 a lita; ƙullutun faratayirod da bitamin D da ƙoda da ƙashi ne ke tsaron wannan iyaka, abin da ka ƙara kuma ko hanji ya ƙi tsotsa, ko ya tafi ƙashi, ko ya fita a fitsari. Ƙwayar jijiya ma ba ƙarancinsa take kuka da shi ba, tun da a bakin ƙofarta akwai ninki 10,000 na abin da ke cikinta. Za ka iya cewa to bitamin D fa, tun da shi ke kunna kalbindin? A hanji da ƙoda haka ne, amma kalbindin na ƙwaƙwalwa ba ya bin umarninsa. In kalsiyam ya haura iyaka a jini, abin da za ka gani a gadon asibiti shi ne ruɗewa da kasala da yawan fitsari da tsakuwar ƙoda. In ya yi ƙasa sosai, jijiyoyi su riƙa harbawa ba a taɓa su ba: leɓe ya riƙa jin kamar ana soka masa allura, yatsu su ƙage, in ka ɗan ƙwanƙwasa gaban kunne kuncin mara lafiya ya zabura. Irin wannan mara lafiya ana ba shi kalsiyam, bayan an auna jini.